Lakar Masai da Dashen Turare: Abin da Na Gani a Burazil da Abin da Ya Dace da Gombe

Shekara ta huɗu ke nan ina zaune a Piracicaba, wani gari da ke cikin jihar Sao Paulo ta ƙasar Burazil, kuma da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa daga garin bai ratsa gonakin rake ko na itacen turare ba. Wannan itace, wanda wasu a wajenmu ke kira zaiti, shi ne dai wanda muka saba gani a harabar makarantu da gefen ofisoshin gwamnati a Gombe, sai dai a nan noma shi ake yi kamar yadda muke noman masara, a jere reras, a sare shi bayan shekara 6 ko 7 a kai masana'antar takarda ko a yi gawayin narka ƙarfe da shi. Asalinsa daga Ostireliya yake, kuma wani masanin gona mai suna Edmundo Navarro de Andrade ne ya yaɗa shi a farkon ƙarni na 20 domin samar wa jiragen ƙasa na kamfanin Paulista itacen wuta da katakon shimfiɗa dogo. Dajin da ya dasa a Rio Claro yana nan har gobe, tafiyar ƙasa da sa'a guda daga inda nake. A yau filin da turare ya rufe a Burazil ya haura hekta miliyan 7.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takin da na ga ana zuba wa ƙananan dashen a wata gonar gwaji. Wata baƙar ƙasa ce mai ɗan danshi, warinta kamar na juji bayan ruwan fari, kuma da na tambaya aka ce mini lakar bahaya ce daga matatar ƙazamin ruwa ta birni. A manyan biranen nan, ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke duk bututu ɗaya suke bi zuwa matata, inda ake barin ƙwayoyin halitta su cinye dattin, ruwan ya tace a sake shi cikin kogi, laka kuma ta kwanta a ƙasa. Wannan laka ita ce ciwon kan kowace matata, domin kullum ƙaruwa take yi, kuma kai ta wurin binne shara kuɗi ne mai yawa. Tun ƙarshen shekarun 1990 masanan kwalejin aikin gona ta ESALQ, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Sao Paulo, suka fara gwada lakar matatar Barueri ta kamfanin ruwa na Sabesp a kan dashen turare a tashar bincikensu ta Itatinga.

Abin da gwaje-gwajen suka nuna ba ya da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa karanta haruffa ukun da ke jikin buhun kamfa. Lakar tana da naitirojin da fosfaras da yawa, wato harafi na farko da na biyu, amma ta gaza a na uku, domin fotashiyam yana narkewa cikin ruwa ya tafi tare da ruwan da aka tace. Idan aka cike wannan giɓi da ɗan takin fotashiyam, dashen da aka ba laka yana girma daidai da wanda aka ba takin zamani. Akwai kuma wani bambanci da ya fi jan hankalina saboda irin ƙasarmu mai yashi: yuriya tana ba da abin da ke cikinta a lokaci guda, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana iya wanke kaso mai yawa kafin saiwar ƙaramin dashe ta kai gare shi, ita kuwa laka a hankali take ruɓewa tana sakin abincin, tana kuma ƙara wa ƙasa ikon riƙe danshi.

Ba a bar abin kara zube ba. Ƙa'ida mai lamba 375 da majalisar kula da muhalli ta ƙasar, CONAMA, ta fitar a 2006 ta haramta zuba kowace irin lakar bahaya a makiyaya da gonakin kayan lambu da na abubuwan da ake ci daga saiwa, ta kuma taƙaita lakar da ba a kashe ƙwayoyin cutarta sosai ba ga irin su gahawa da itatuwan katako, da sharaɗin a zuba ta cikin rami ko kwarin kunya a rufe da ƙasa. An maye gurbin ƙa'idar da wata mai lamba 498 a 2020, amma hikimar farko ita ce nake so mu riƙe: itacen da ba a cin 'ya'yansa, wanda kuma zai yi shekaru kafin a sare shi, ya fi kowace shuka dacewa da wannan taki. Kada kuma a ɗauka Burazil ta gama da matsalarta, domin kusan rabin ƙazamin ruwan ƙasar ba a tace shi ko kaɗan, kuma laka mai yawa har yanzu wurin binne shara take ƙarewa.

Da na ba Baffana wannan labari ta waya, dariya ya yi, ya ce: "Ɗana, ashe sai ka haye teku za ka san bayan gida taki ne? Mu da muke ganin yadda dawa ke yin baƙi ƙirin a kan tsohuwar shadda?" Na ce: "Gaskiyarka, Baffa, amma ina masu yasa suke kai abin da suka kwasa a unguwarmu?" Nan ya yi shiru, domin ni da shi duk mun san amsar. Na sha ganin motar kwasar bahaya ta tsaya a bakin kwari da magariba ta juye kayanta, na kuma san masu yasa da hannu sukan haƙa rami a bayan katanga cikin dare su tura abin a ciki. Wani lokaci kuma manomi ne yake roƙon a juye masa a gona, ba tare da kowa ya tambaye shi ko gero zai shuka ko alayyafo ba. Idan damina ta sauka, kwarurukan da suka ratsa Gombe su ne ke raba wannan kaya ga unguwannin da ke gangare. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma maƙwabciyarmu Bauchi tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Lamarin kuma ƙaruwa zai yi. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 garin yake faɗaɗa ta kowace kusurwa, daga Tumfure har bayan Pantami, kuma kowane sabon gida yana zuwa da masai ko sokawe. Gangamin hana bahaya a fili da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2019, wanda Jigawa ta zama jiha ta farko da ta cika sharuɗɗansa a 2022, aiki ne mai kyau, sai dai duk ramin da aka haƙa wata rana zai cika, kuma ban ji ana yawan maganar wannan rana ba.

Duk da haka ban yarda mu kwafi tsarin Sao Paulo kai tsaye ba, domin abin da ke hannunsu daban yake da wanda ke hannunmu. Su lakarsu daga matata take fitowa, an riga an ruɓar da ita, an matse ruwanta, an auna abin da ke cikinta. Mu kuwa ba mu da bututun da ke haɗa gidaje da matata irin ta Wupa da ke Abuja, abin da muke da shi ɗanyen kayan rami ne. Ta wata fuskar wannan ya fi mana sauƙi, domin babban abin tsoro a lakar manyan birane shi ne gubar ƙarafa daga masana'antu, irin wadda majemun Challawa da Sharaɗa ke jawowa a ruwan Kano, kuma masai na gida ba ya haɗuwa da ruwan masana'anta. Ta wata fuskar kuma ya fi haɗari, saboda ƙwayoyin cuta suna nan da ransu, musamman ƙwan tsutsar ciki wanda ke iya shekaru cikin ƙasa bai mutu ba, ga kuma ledoji da tsummoki da batura da muke jefawa a rami, da baƙin mai ko kalanzir da wasu ke zubawa don kashe wari. Misalin da ya fi kama da halinmu yana Afirka ta Kudu, inda aka gwada binne kayan masai cikin dogayen ramuka a Umlazi ta birnin Durban, aka rufe da ƙasa, aka dasa turare a kai, itatuwan kuma suka yi kyau.

Wannan hanya ta binnewa ita nake ganin ta dace da dashen da ke fili. Kayan suna shiga ƙasa a ranar da aka kawo su, ƙuda ba ya samun wurin sauka, yara ba sa takawa, shanun da ke kiwo tsakanin itatuwa ba sa lasar ƙwan tsila su dawo mana da ita ta hanyar nama. Sharaɗin da ba za a sassauta ba shi ne wurin ya yi nisa da rijiya da fadama da bakin kogi, domin naitirojin da saiwa ba ta sha ba yana gangarawa cikin ruwan ƙasa. Tokar murhu, wadda iyayenmu mata suka daɗe suna zubawa a masai, tana ɗauke da fotashiyam ɗin da lakar ta rasa, don haka abin da manomin Sao Paulo ke saya a buhu mu muna zubar da shi kowace safiya.

Gandun rainon dashe kuwa hukuncinsa daban ne, kuma a nan nake jin tsoron gaggawa. A wajenmu da hannu ake cika ledojin dashe, galibi mata da matasa ne ke yin aikin, a wurin suke cin abinci, wasu da goyo a bayansu. Bai halatta a kawo musu lakar da ba ta nuna ba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 sun nuna cewa a wuri mai zafi irin namu sai an ajiye bahaya sama da shekara guda ba a ƙara sabo a kai ba, ko kuma a haɗa shi da shara mai ruɓewa a tara har zafin tarin ya wuce maki 50 a ma'aunin Salshiyas na aƙalla mako guda. Rana da iskar hunturu da zafin bazara sun ba mu abin da wasu ƙasashe ke kashe kuɗi su samar da inji, amma ba a fafe gora ranar tafiya: lakar da za a cika leda da ita bana, tun bara ya kamata a shimfiɗa ta.

Na san akwai wanda zai ce najasa najasa ce, kuma ban raina wannan magana ba. Abin da muka karanta a zaure cikin fiƙihun Malikiyya shi ne shukar da ta sha najasa tana cikin abubuwa masu tsarki, inda malamai suka tsananta shi ne batun sayar da bahayar ɗan Adam. Wannan ya tuna mini da jihar Parana ta nan Burazil, inda kamfanin ruwa na Sanepar yake gauraya laka da farar ƙasa don kashe ƙwayoyin cuta sannan ya kai wa manoma kyauta. Idan hukuma ce ta ware fili, mai yasa ya karɓi ladan aikinsa daga mai gida kamar yadda aka saba, ba a sayar wa kowa komai ba, to ina ganin an kauce wa wurin saɓanin, kodayake fatawa ta malamai ce, ba ta mai karatun gona ba.

Shi kansa turare yana da laifinsa, kuma zama cikin dajinsa bai sa na manta ba. Itace ne mai shan ruwa, ganyensa da ya zuba ba ya barin ciyawa ta yi yabanya a ƙarƙashinsa, kuma manomanmu ba su yi ƙarya ba da suke cewa yana cinye gefen gona. Ruwan saman da Sao Paulo ke samu ya fi namu yawa da tsawon lokaci, saboda haka kada kowa ya yi mafarkin girman shekara 7 irin nasu, kuma taki ba ya maye gurbin ban ruwa a ranin farko na dashe. Wurin turare shi ne tudu da ƙasar da ta gaji da shingen kare iska, inda za a samu itacen girki da sandunan da magina ke tokare kankare da su, a rage wa kirya da marke da ɗorawa gatari. Akwai kuma al'adarmu ta tsinkar ganyensa don sirace idan mura ta kama, wadda ita ma dalili ce ta binne lakar a maimakon watsa ta a sarari.

Shirin Gombe Goes Green da Gwamna Muhammad Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019 ya sa burin dasa itatuwa miliyan 1 a kowace shekara, jihar kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare kwararowar hamada. Kowa ya san dasawa ita ce mai sauƙi, raya dashen a ƙasar da ba ta da abinci shi ne aikin, kuma babu wanda zai sayi kamfa a farashin yau ya zuba wa itacen gefen hanya. Abin da nake so a gwada ƙarami ne: fili guda a wajen gari wanda mota ke iya shiga, a haƙa ramuka a rani, a sanar da masu yasa cewa nan ne wurin juyewa ba tare da an karɓi ko sisi daga gare su ba, a dasa turare a rabin filin a kan ramukan, a dasa ɗaya rabin a ƙasa zalla. Kwalejin nazarin aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa da Jami'ar Jihar Gombe suna da malamai da ɗaliban da za su iya auna tsawon itatuwan da kaurinsu, su kuma riƙa gwada ruwan rijiyoyin da suka fi kusa da filin kafin damina da bayanta.