Ɗura ba jinya ba ce

Wannan bidiyon da kuke ta yaɗawa tun jiya kuna cewa Allah ya yi wa 'ya'yan nan albarka, wace albarka? Dattijo kwance, kansar huhu ta cinye shi, ƙato ɗaya ya danne masa kafaɗa, wani ya matse masa hanci, ana ɗura masa kunu da jiƙo yana ƙwarewa, idonsa ya firfito. Sannu da ƙoƙari, manyan likitoci! Wallahi wannan azabtarwa ce.

Ina kuke lokacin da ya yi wata da watanni yana tari kuna cewa sanyi ne? Tarin da ya wuce mako 3 bai tafi ba, aikin mai kemis ya ƙare a kansa. Balle a ga jini a cikin kaki, ko murya ta dishe ta ƙi dawowa, ko haki daga hawa ɗan tudu, ko ciwon ƙirji da kafaɗa mai hana barci, ko rama har wando yana zamewa. Wani ma fuskarsa da wuyansa ne za su riƙa kumbura da safe, wani kan yatsunsa ya yi kauri, farce ya lanƙwashe. A Kano da an ji haka sai a ce tarin fuka ne, kuma sau da yawa shi ɗin ne, shi ya sa ake fara gwada kaki da ɗaukar hoton ƙirji. Amma idan gwajin bai nuna ƙwayar cutar ba, ko an sha maganin tarin fuka wata 2 babu sauƙi, a koma wajen likita a nemi hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla, a ciri ɗan nama a auna. Asibitin Malam Aminu Kano ba a bayan duniya yake ba. Kuma kar wani ya ce ai Baba bai taɓa shan sigari ba. Sigari ce kan gaba wajen jawo kansar huhu nesa ba kusa ba, amma cutar tana kama wanda ko ashana bai taɓa kyastawa ba.

To an makara, ciwo ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Daga nan jiki da kansa yake daina karɓar abinci. Cutar ce take ramar da shi, ko rago guda aka ba shi ba zai mayar da jiki ba. Ƙarfin haɗiya ya ragu, don haka abin da aka zuba masa da ƙarfi sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhun da dama saura kaɗan ya rage. Sai zazzaɓi, sai nimoniya, sai numfashi ya ƙara sarƙewa. Da hannunku kuka jawo. Za a ce "to mu zuba ido yunwa ta kashe shi?" Yunwar ku kuke jinta a madadinsa, shi ba ya ji. Idan ya nema, a tayar da shi zaune a ba shi cokali 2 ko 3. Idan ya kau da kai, a ƙyale shi. A tsoma auduga a ruwa a riƙa jiƙa masa leɓe da harshe, a shafa masa man baki, don bushewar baki ta fi damunsa.

Abin takaicin, masu ɗurar nan su ne dai idan likita ya rubuta mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, suke cewa maganin ƙarasa mutum ne. Kun yarda da jarkar mai lasifika a bakin kasuwa, kun ƙi abin da aka auna. Mofin da ake sha ta baki, a kan ƙa'idar likita, yawanci duk awa 4, yana rage zafin ƙashi, yana rage jin shaƙewa. Ba a jira sai ya fara ihu sannan a ba shi. Yana sa bayan gida ya yi tauri, saboda haka a karɓo maganin sassauta ciki tare da shi tun ranar farko.

Don girman Allah, ga abin da yake buƙata a hannunku. A jingina shi da matashi 2 ko 3, a buɗe taga, a sa ƙaramar fanka ko mafici iska tana bugun fuskarsa. Idan haki ya tsananta cikin 'yan kwanaki, wataƙila ruwa ne ya taru a gefen huhu, ana iya zuƙe shi a asibiti ya samu sarari. A riƙa juya shi duk awa 2 don kada baya da ƙugu su yi gyambo. A ajiye tawul mai duhu kusa, idan jini ya taho a kwantar da shi a gefe.

Kwanakin ƙarshe barci zai yi yawa, zai iya ruɗewa ya kira waɗanda suka daɗe da rasuwa, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi. Numfashi zai riƙa tsayawa na wasu daƙiƙoƙi sannan ya dawo. Gargarar nan da ake ji yawu ne da ya kasa haɗiyewa, ta fi tayar wa na zaune hankali. A juya shi gefe kawai, kada a zuba komai a bakinsa, ko zamzam ne a tsaya a leɓe. A riƙe hannunsa, a yi masa kalmar shahada a hankali kusa da kunne, ba da tsawa ba.

Ku kuma masu dubiya, mutum 15 a ɗaki ɗaya, kowa da turarensa, ga kaskon turaren wuta Hajiya ta kunna wai don ɗaki ya yi ƙamshi. Mutumin da yake neman iska! Ku gaisa daga ƙofa ku tafi. Kuma duk da ga ciwon huhu a gabanku, wai har yanzu ba a daina kai tukunyar shisha wajen kamu da dina ba? Yaro ɗan shekara 17 yana busa hayaki ta hanci, yayyensa suna ɗaukarsa a waya.