Nasiha ga 'yan uwana masu aikin kula da tsofaffi a Ingila

Salam 'yan uwa. Tunda aka buɗe bizar aikin nan a 2022 da yawanmu mun shigo, kowa da uzurinsa, kuma na san wahalar, awa 12 kana tsaye ga sanyi ga kuɗin haya ga mutanen gida suna jiran aike. Amma dan Allah mu ji tsoron Allah kan tsofaffin matan nan da aka damƙa mana.

Abinda ya sa nake wannan maganar, kwanaki ni da wata 'yar uwa muna canza ma wata tsohuwa kaya, shekarunta sun haura 90, muna ta hirarmu da Hausa a kanta muna dariya kamar buhun masara muke juyawa, kawai sai naga hawaye na bin kumatunta ta riƙe gefen bargo gam. Wallahi ranar ban iya barci ba. Ita bata san me muke faɗa ba, ƙila ta ɗauka tsiraicinta muke ma dariya. Ku tuna matar nan ta haifa ta raina, ta riƙe gida shekara da shekaru, yau baƙi ne ke mata wanka.

Yawancinsu ciwon mantuwa ke damunsu, kuma zaku lura da la'asar sakaliya hankalinsu yafi tashi, wata ta ɗau jaka tace zata ɗauko yara daga makaranta, wata tayi ta cigiyar mijinta da ya rasu tuntuni. Kar kice mata ai ya mutu, duk sanda kika faɗa sabon zaman makoki kika buɗe mata. Ki zauna daidai tsayinta ki tambayeta ina suka haɗu, ki haɗa mata shayi yadda take so. Sunanki zata manta, amma jikinta na gane hannu mai taushi da hannu mai gaggawa.

Kuma kar wani yace ai ba addininmu ɗaya ba, ko 'ya'yanta ma sun yar da ita. Bamu san me ya kawota ba, furfura kuma furfura ce ko ta wace ce.

Gobe in kin shiga ɗakinta ki ƙwanƙwasa tukun, ki kira sunanta, ki gaya mata abinda zaki yi kafin ki taɓa ta. Wayar ki barta a aljihu har ki fito.