Akwalar da ta tare mana lungu

Wai don Allah lungun unguwa garejin wani ne? Tun da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, maƙwabcinmu ya kashe motarsa a bakin lungunmu nan Fagge. Har yau bai sake tayar da ita ba.

Ni ban ga laifinsa ba da ya ajiye ta, kowa ya ji a jikinsa, masu mota da yawa sun koma hawa Adaidaita Sahu. Amma a ƙofar lungun da gida sama da goma ke bi?

Ku zo ku ga yadda ta koma. Tayoyin duk sun sace sun nutse a ƙasa, ƙura ta lulluɓe gilashi har yara suna koyon rubutu a kai da yatsa. Wata akuya ma a ƙarƙashinta ta haihu. Leda da ɓawon rake sun taru a gindinta sun toshe kwata, da damina ruwan ƙazanta har cikin zaurenmu. 'Yan ga-ruwa kuwa kurarsu ba ta wucewa, sai su tsaya a titi su riƙa kinkimo jarka ɗai-ɗai, kuma mu za mu biya kuɗin wahalar.

Duk wannan mun haƙura. Abin da ya ƙona min rai shi ne daren da hawan jinin Inna ya tashi, wajen ƙarfe biyu. Da kyar ƙanena ya samo mai Adaidaita, ya zo ya tsaya a bakin lungu, ba hanya. A kan kujerar roba muka ɗauko tsohuwar nan, muna raɓawa tsakanin mota da bango, gefen zanenta ya maƙale a madubi ya yage. Tana numfashi sama-sama tana cewa, "Ku bi a hankali, 'ya'yan nan." Ko ranar da aka yi rasuwa a gidan ƙarshe, sai da aka karkata makara kafin ta fita. Gawa fa!

Na same shi a dakalin masallaci bayan la'asar, na ce, "Alhaji, don girman Allah a matsar da motar nan." Ya ce, "Malam, bakanike nake jira, ya tafi Ƙofar Ruwa nemo kaya, gobe in sha Allahu." Goben nan ta fi shekara. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, ya ce raini ne, motarsa lafiyarta ƙalau, batir ne kawai. Mai unguwa ya yi magana har sau biyu, ya ce to, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Jiya da safe na fito na tarar ya sayo sabon tamfol ya rufe ta ruf, har da ɗaure igiya, wai kada rana ta ɓata masa fenti.