In za ka ɗauki sunan Holmes, ka ɗauka da aikinsa

Wallahi jiya har ƙarfe biyu na dare ina kan wani littafi da na saya, wai cigaban labarin Sherlock Holmes mai binciken laifuka, shafi kusan ɗari uku ina bin sawu ina haɗa hujjoji a raina, sai a babin ƙarshe aka jawo wani mutum da ba a taɓa ambatonsa ba aka ce shi ne ya yi kisan. Haba jama'a! Raina ya ɓaci sosai.

Ni ba na cikin masu cewa kada kowa ya taɓa Holmes bayan Conan Doyle, marubucin da ya ƙirƙire shi. Mutumin ya rasu tun 1930, ya bar dogayen labarai 4 da gajeru 56, kuma shi kansa ya kashe Holmes a labari, ya jefa shi a kwazazzabon ruwan Reichenbach a 1893 don ya gaji da shi, masu karatu suka matsa har ya dawo da shi. To ku cigaba mana. Marubuci Anthony Horowitz ya yi nasa a 2011 da izinin magada, na karanta, ban ji an cuce ni ba. Amma in ka ɗauki sunan, dole ka ɗauki aikin. Ka ba mai karatu hujja a gabansa.

Ku tuna labarin dokin tsere da ya ɓace, Silver Blaze. Kare yana wurin da daddare amma bai yi haushi ba, kenan ya san wanda ya shigo. Abin yana nan a rubuce, kai ne ka wuce shi, shi ya sa in Holmes ya faɗa sai ka dafe kai. Wannan daɗin nake biyan kuɗina saboda shi, hula da lofe da adireshin gidansa na 221B Baker Street kowa zai iya liƙawa.

Na san za a ce ai tun Janairun 2023 haƙƙin mallakar labaran ƙarshe ya ƙare a Amurka, kowa yana da 'yanci. Eh doka ta ba ka dama, doka ba ta rubuta maka labari ba. Wani kuma zai ce Doyle ma yakan ɓoye abu, gaskiya ne yakan yi, amma ba don wannan muke ta karanta shi shekara fiye da ɗari ba. Ka ba ni hujja kawai, in na kasa ganowa laifina ne.

Sannan don Allah a daina mayar da Watson, abokin Holmes, dolo. Likitan soja ne fa da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni a jikinsa, kusan duk labaran ma da bakinsa muka ji su. A wannan littafin ko bindigarsa bai iya riƙewa ba.