Tasha ba jirgi ba ce, jama'ar Damagaram

Wallahi abin nan ya ishe ni. Tun da hoton nan na "sabuwar tashar jirgin ƙasa ta Damagaram" ya fara yawo a WhatsApp, dillalan filaye suka samu abin yi, kuma duk mai tura shi gaba yana taya su cutar talakawa, ya sani ko bai sani ba. Ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Dole, saura ƙiris ta kwashe kuɗin adashinta ta miƙa wa wani dillali, wai ga fili a bayan gari dab da tasha, in jirgi ya iso kuɗinsa zai ninka. Na ce, "Inna, wace tasha?" Sai ta nuna min a wayar jikanta: gini mai gilashi, fitilu, ciyawa kore shar. Ko tambarin wata ma'aikata babu a jiki. Wannan ai cinikin biri a sama ne.

Layin dogon da aka sani shi ne na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya ya tsaya Maraɗi, da wani reshe zuwa Dutse. Ina Damagaram a ciki? To tashar da za a gina mana, a kan wane dogo za ta zauna?

Mu ɗauka ma an gina ta gobe. Tasha ba jirgi ba ce. Yamai tana da tasha tun 2014. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo kusan kilomita 140, ya kai Dosso a 2016, aka yi biki, aka ɗau hotuna. Ku tambayi duk wanda ya bi hanyar nan a mota, ya faɗa muku ko ya ga jirgi ɗauke da fasinja. Ƙarafan na nan kwance, yashi na rufe su. Can fa ginin gaske aka yi, ba zanen kwamfuta ba, amma ba wanda ke yankar tikiti.

Na san wasu za su shigo su ce ba na son ci gaban Damagaram. Ku riƙe maganarku, ba zan tsaya musu da ku ba. Mai son gari ba ya bari a yashe aljihun tsofaffin garin da hoto.

Ni ina son jirgin nan har cikin raina. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasar Nijar har 1926, garin da ayarin raƙuma ke sauka a unguwar Zango tsakanin Kano da Agadas tun kafin zuwan Nasara, garin da ke da matatar man fetur ta SORAZ tun 2011, bai kamata ya tsaya kallo ba. Daura ga ta nan bayan Ɗan Barto, garin kan iyaka. Da za a ɗauko reshe daga can a biyo ta Matamaye, da shanu da tumakinmu, da wakenmu, da raken da ake nomawa a yankin sun isa Kano ba tare da sun kwana kan iyaka cikin babbar mota ba, dabbobi na galabaita, direba na biyan kuɗi shinge bayan shinge. Wannan shi ne abin da ya kamata 'yan kasuwarmu da manyanmu su buga ƙafa a kai: dogon tukuna, da yarjejeniya a rubuce, da sunan wanda zai biya, da wanda zai tafiyar da jirgin in an gama. Maganar tasha daga baya take zuwa.

Kafin nan, kada wanda ya saki ko dala. A je ofishin magajin gari a tambaya ko an yanka filaye a wurin, a ga takarda, a taka filin da ƙafa. Ku gaya wa iyayenku mata musamman, don su ake bi har gida.

Kuma dillalin nan da ke cewa unguwar za ta zama birni, ko maganar ruwa bai yi ba. Mu da ke tsakiyar gari, da zafi ya shigo sai famfo ya ƙafe, mata da yara su kwana layi da jarkoki, 'yan garuwa su ƙara kuɗi. Ruwan da ake jawo wa gari daga Arunguza da Gogo bai ishi tsofaffin unguwanni ba, balle wani fili can bayan gari da ko bututu bai kai ba.