Ba shekarun tarakta ke cin kuɗi ba

Manoma da yawa na ɗauka cewa duk taraktar da ta fi tsufa ita ta fi cin kuɗin gyara. Ba haka ba ne. Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, har yau tana huɗa, domin injinta na Perkins mai silinda 3 ba shi da sarƙaƙiya, kuma kayan gyaransa na samuwa. Steyr da aka taɓa harhaɗawa a Bauchi kuwa, ƙarfi gare ta, amma neman kayanta kan ajiye ta ana tsakar damina, abin da ya fi ƙona wa manomi rai. Kafin ka biya kuɗin tsohuwar tarakta, bakanike ya duba hayaƙi, giya da ƙarfin ɗaga garma, ka kuma tambayi kuɗin famfon mai.