Don Allah Ku Daina Ɗura wa Jarirai Ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman ƙannena masu haihuwar fari.

Cikin makon nan, a wani gidan suna a Unguwar Rogo nan Jos, jaririya 'yar kwana bakwai ta fara kuka. Kakarta ta karɓe ta, ta tsiyayo ruwa daga filas a murfi, ta fifita, ta kafa mata cokali a baki har sau uku. Uwar na zaune bakin gado, gaban rigarta jiƙe da nono, ba ta ce uffan ba. Da aka yi magana sai kakar ta ce, "Ƙishi take ji, mu ma haka muka raini namu." Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Wane irin ƙishi, cikin hunturun Jos da ko babba kan wuni bai nemi ruwa ba?

Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ko a Sakkwato tsakiyar bazara ya ishi jariri, balle nan. A ranar haihuwa cikin jariri ba ya ɗaukar fiye da mililita 5 zuwa 7, wato cokalin shayi guda da ɗan ɗori. Duk cokalin ruwan da ya shiga, gurbin nono ya cinye. Shi kuma nono gwargwadon tsotso yake zuwa: an tsotsa ya ƙaru, an bari ya janye. Yaro ya cika ciki da ruwa ya rage tsotso, nono ya ragu, sai ki ji ana cewa "wance ba ta da ruwan nono". Daga nan sai madarar gwangwani da bulumboti. Madarar ta yi tsada a riƙa tsinka ta da ruwa, bulumbotin ba a tafasa shi, sai gudawa, maɗiga ta lotsa, a kama shafe-shafe a ka alhali ruwan jikin yaro ne ya ƙare. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ba ruwan filas kaɗai ba. Ruwan zuma, jiƙe-jiƙe, ruwan sikari, duk tafiyarsu ɗaya. Zuma ma haɗari ce ga wanda bai cika shekara ba, don takan ɗauko ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Abin da ya fi ƙona rai shi ne a matse dakashi, wato nonon farko, a zubar wai ƙazanta ne, sannan a bi yaro da ruwa kafin "nonon gaske" ya zo. Dakashin nan mai kauri, ruwan ɗorawa, shi ne rigakafinsa na farko, shi ke wanko baƙin kashin da ya zo da shi, ya rage masa shawara. Shi ya sa ake so a ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, ya kama nono cikin sa'ar farko. Nono mai yawa sai kwana na uku ko na huɗu, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Kuka ba shi ne shaidar ƙishi ba. In kina son sanin ko nono na isarsa, ƙirga kunzugu: daga kwana na biyar ya jiƙa shida ko fiye a kwana da wuni, fitsarin ba ja ba, kashi ya koma ruwan ɗorawa. Ya sha sau 8 zuwa 12, har da na dare. 'Yar ramar kwanakin farko ba komai ba ce, zuwa mako biyu ya maido nauyin haihuwarsa. In bai kai haka ba, ko ya yi laushi ba ya tashi shan nono, asibiti za a nufa, ba a ƙara masa cokalin ruwa ba.

Da yawa abin da ke kai masu jego ga ba jariri ruwa zafin tsagewar kan nono ne, kuma tushensa rashin iya kamu. Juyo da cikin yaro ya manne da naki, kunnensa da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, hancinsa saitin kan nono. Jira ya wage baki kamar mai hamma, sannan ki kawo shi ga nono, kada ki sunkuya ki kai masa. Haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin da ke kewaye da kan ya shige bakinsa. In kan kaɗai ya cafka, sa ɗan yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ki zare, ki sake. In ya gama, shafa ɗigon nono a wurin, ki bar iska ta busar. Ban da dirje shi da sabulu. Masu shafa man bilicin har kan ƙirji suna shayarwa kuwa, ku ji tsoron Allah, bakin ɗanku ne ke lasa.

In nono ya cika ya yi tauri, tatsi kaɗan da hannu kan ya yi laushi ya samu kamu, bayan ya sha ki ɗora tsumma mai sanyi. In gefe ya yi ja, ga zafi ga zazzaɓi, kada ki hana shi wannan nonon wai ya lalace. Daina bayarwar ke kai nonon ga tara ruwa har a yi aiki. Kwana guda bai sauƙaƙa ba, sai likita. Mai zuwa aiki ko makaranta ta tatsa a kofi mai murfi: awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firji in wuta ta tsaya, a ba shi da kofi ko cokali. Wannan ne abin da ya dace ya hau cokali, ba ruwa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu, kuma shekara biyun nan cikakku suna cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariranmu ke samun nono zalla. Wata tsoron zubewar nono take, wata hankalinta na kan waya yaro na laluben kamu. Wata kuma ta san gaskiya, kunyar suruka ce ta rufe mata baki. Maigida, wannan faɗan naka ne, kai za ka lallashi mahaifiyarka cikin ladabi.

Abin takaicin, al'adar kirki muka yar muka riƙe mai cutarwa. A da mai jego gida ake kai ta, kwana arba'in ba ta taɓa tsintsiya, ga kunu ga romo, goggonni na kewaye da ita, aikinta ci da barci da shayarwa. Yanzu kuɗin na tafiya a anko da kwalliyar ranar suna, kashegari kowa ya watse. Yarinya 'yar shekara ashirin ta wayi gari ita kaɗai a ɗaki ga wanki ga girki, nono ya kumbura, jariri na tsala kuka, babu babba kusa da zai gyara mata riƙo, sai filas ɗin nan da aka bar mata a gefen gado.